Takarar shugaban ƙasa a Najeriya: abin da doka ta nema da abin da fage ke nema

Wanda ya buɗe kundin tsarin mulkin 1999 ya karanta sashe na 131 zai ɗauka cewa shugabancin Najeriya abu ne da kowa zai iya miƙa hannu ya taɓa. Sharuɗɗa huɗu ne kacal: mutum ya kasance haifaffen ɗan ƙasa, ya cika shekara 35, ya zama ɗan wata jam'iyya wadda ita za ta tsayar da shi, sannan ya yi karatu aƙalla zuwa matakin kammala sakandare ko makamancinsa. Shekarun ma 40 ne a da, sai a watan Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage su. Da irin wannan takarda da wuya banki ya ɗauki mutum aikin ƙirga kuɗi, amma da ita ana iya neman fadar Aso Rock.

Kalmar "makamancinsa" ta ƙara faɗaɗa ƙofar. Sashe na 318 ya fassara ta har ta haɗa da takardar malanta ta Gireti Tu, da wanda ya yi karatu ya kai ajin ƙarshe na sakandare, har ma da mai takardar firamare, muddin ya yi aiki na shekara 10 a gwamnati ko kamfani, ya halarci kwasa-kwasai, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar INEC za ta gamsu. Shi ya sa duk hayaniyar da aka yi kan takardar sakandaren Buhari a 2015 da 2019 ba ta kai ko'ina ba a kotu.

Abubuwan da ke hana takara suna sashe na 137. Wanda aka riga aka zaɓa sau biyu ba zai sake ba. Haka wanda kotu ta tabbatar da taɓuwar hankalinsa, ko ta ayyana cewa ya karye bai fita daga bashi ba, ko ɗan ƙungiyar asiri, ko wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Sai kuma wanda ya fi kowanne cin mutane: miƙa wa INEC takardar bogi. A nan ba ƙarancin ilimi ke kayar da ɗan takara ba, saɓani ne tsakanin takardunsa. Suna a takardar firamare daban, a ta jami'a daban, ranar haihuwa ta sha bamban da wadda ke takardar rantsuwa. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa, ba don wani laifinsa ba, sai don matsalar takardun mataimakinsa. Tikiti ɗaya ne, in rabi ya ruɓe duka ya tafi. Saboda haka aikin farko na mai neman shugabanci, tun kafin ya buga fosta ko guda, shi ne ya zaunar da lauyoyi su bi takardunsa da na wanda zai ɗauka mataimaki layi-layi, da idon abokin gaba. Ko wurin haihuwa ana tonowa. A shari'ar 2019, APC ta yi jayayya cewa Atiku Abubakar ba haifaffen ɗan Najeriya ba ne, tunda an haife shi a Jada a 1946, lokacin yankin yana cikin Kamaru ta Ingila kafin ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Kotu ba ta karɓi hujjar ba, amma sai da aka ɓata lokaci da kuɗi a kanta.

To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. A zaɓen 2019 mutum 73 ne suka cika waɗannan sharuɗɗa sunansu ya hau takardar ƙuri'a. Buhari ya samu sama da miliyan 15, Atiku sama da miliyan 11, sauran 71 kuwa babu wanda ya kai ko da dubu 150. Kingsley Moghalu, tsohon mataimakin gwamnan Babban Banki, mutum mai ilimi da iya jawabi, ƙuri'a kusan dubu 22 ya tashi da ita a duk ƙasar. Wani ɗan majalisar jiha a Kano ya fi shi. A shekarar da ta biyo baya INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74.

Sashen da ke raba ɗan takara na gaske da mai neman suna shi ne na 134. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba da mulki. Sai mutum ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24. In ba a samu wanda ya cika biyun ba, a tafi zagaye na biyu, tsakanin wanda ya fi yawan ƙuri'a da wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin sauran. A lura, ba lalle ne ya zama wanda ya zo na biyu a jimilla ba. Har yau dai ba a taɓa kaiwa ga zagaye na biyu ba, sai dai wannan lissafi ya sha kai mutane kotu. A 1979, lokacin jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya dab da kashi 20. Sai da Kotun Ƙoli ta amince da hujjar cewa kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba, sannan ƙarar Obafemi Awolowo ta faɗi. A 2023 kuma gardamar ta koma kan Abuja, inda Bola Tinubu bai kai kashi 25 ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 26 ga Oktoban 2023 cewa babban birnin ba shi da wani matsayi na musamman a wannan ƙidaya.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, babu yankin da zai iya naɗa shugaba shi kaɗai. Arewa na da jihohi 19, Kudu 17, kowanne ya gaza 24. Tarihin Buhari ya ishi kowa darasi. Ya nema a 2003 da 2007 a ANPP, ya nema a 2011 a CPC. A 2011 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12, ya ci jihohi 12 duk a Arewa, amma a Kudu ko jiha ɗaya bai kai kashi 25 ba. Farin jininsa a 2015 bai fi na 2011 da wani abin kirki ba. Abin da ya canza shi ne haɗakar 2013, da CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, sannan gwamnoni biyar na PDP suka sauya sheƙa a watan Nuwamba na shekarar: Kwankwaso na Kano, Wamakko na Sakkwato, Amaechi na Ribas, Nyako na Adamawa da Abdulfatah Ahmed na Kwara. Da wannan ne ya ci jihohi biyar cikin shida na Kudu maso Yamma, ƙuri'unsa suka haura miliyan 15.

Zaɓen 2023 ya nuna abin ta ɗaya fuskar. Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu ƙuri'a 1,496,687, kuma 997,279 daga ciki daga Kano kaɗai suka fito. Peter Obi ya samu sama da miliyan 6, ya ci jihohi 11 da Abuja, har ya doke Tinubu a Legas da tazarar kusan dubu 10, amma a Jigawa da Zamfara bai kai ƙuri'a dubu 2 ba a kowacce. Tinubu kuwa ya faɗi a Legas, ya faɗi a Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Kebbi, amma duk inda ya faɗi a Arewa maso Yamma yana biye da ƙuri'u masu kauri. A Kano ya samu sama da dubu 517, wato dab da abin da ya samu a gidansa Legas. Da kashi 36 da ɗoriya cikin 100 na ƙuri'un ƙasar ya ci, 8,794,726, saboda ya bazu. Masu lissafin kamfe na gaske ba sa tambayar jihohi nawa za mu ci kawai. Suna tambayar a jihar da za mu faɗi, da nawa za mu faɗi.

Daga nan ne za a gane irin gogewar da ake nufi. Tsarin mulki bai ce sai wanda ya taɓa riƙe muƙami ba, amma a duba waɗanda suka hau tun 1999. Obasanjo da Buhari tsofaffin shugabannin mulkin soja ne. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi shekara 8 yana gwamnan Katsina, Tinubu ya yi 8 a Legas bayan ya taɓa zama sanata, Goodluck Jonathan ya bi ta mataimakin gwamna da gwamna da mataimakin shugaban ƙasa. Manyan waɗanda suka kara da su ma haka: Atiku mataimakin shugaban ƙasa, Obi gwamnan Anambra, Kwankwaso gwamnan Kano sau biyu kuma ministan tsaro. Ɗan kasuwa ɗaya da ya tsallake wannan layi shi ne M.K.O. Abiola a 1993, shi ma ya shafe shekaru yana gina makarantu da masallatai da zumunci a duk faɗin ƙasar kafin ya fito, kuma ba a bar shi ya hau ba.

Ba iya mulki ne kujerar gwamna ke koyarwa har ta zama matakala ba, ko da yake tana koyar da shi. Abin da take bayarwa shi ne mutane. Gwamna na naɗa kwamishinoni da masu ba da shawara, yana da ta cewa kan wanda zai zama shugaban ƙaramar hukuma da shugaban jam'iyya na mazaɓa, ya san wane ɗan kwangila ne zai iya fitar da kuɗi cikin dare, wane malami ko fasto ne ake jin maganarsa, wane hakimi ne ke fushi. Yana zama a taron gwamnoni, inda ake ƙulla abotar da za ta yi rana bayan shekara goma. Ƙwararren da ya dawo daga Bankin Duniya da kundin manufofi mai shafi 200 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba a sayensu a wata shida. Akwai kuma gogewar faɗuwa, wadda ba a cika ambata ba. Buhari sai a karo na huɗu ya ci. Atiku tun 1993 yake nema, tun zaɓen fid da gwani na SDP a Jos. Kowace faɗuwa tana barin jerin sunaye: wa ya tsaya, wa ya karɓi kuɗi ya yi angulu da kan zabo.

Tunda doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole a bi ta jam'iyya, kuma a nan ne mafi yawan masu buri ke ƙarewa. Dokar zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi zaɓen 2023, ta ba da hanya uku: 'yar tinƙe inda duk ɗan jam'iyya mai rajista ke zaɓe, zaɓen daliget, ko maslaha. Majalisa kan taɓa wannan doka kusan kowane zagaye, don haka adadin kwanaki da na kuɗi suna motsawa, kuma wajibi ne a riƙe sigar da ke aiki a lokacin. Amma tarkunan ba su cika canzawa ba. A dokar 2022, jam'iyya za ta sanar da INEC kwana 21 kafin babban taro, ta miƙa rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani, ta kuma miƙa sunan ɗan takara aƙalla kwana 180 kafin babban zaɓe. Maslaha ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. Wannan sharaɗi na cikin abin da ya karya yunƙurin shugaban APC na lokacin, Abdullahi Adamu, na gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan maslaha a watan Yunin 2022, bayan gwamnonin Arewa na jam'iyyar sun dage sai mulki ya koma Kudu. Wanda ke ganin waɗannan ƙa'idoji ado ne ya tambayi APC ta Zamfara. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ƙwace duk kujerun da ta ci, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba.

Kuɗin fom shi ne abin da jama'a suka fi sani, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. A 2014 fom ɗin APC naira miliyan 27.5 ne, har Buhari ya ce rance ya ci a banki ya saya. A 2018 ya koma miliyan 45. A 2022 ya zama miliyan 100: 30 na nuna sha'awa, 70 na tsayawa. PDP ta sayar da nata miliyan 40. In aka tara albashi da alawus na shugaban ƙasa a hukumance, wajen miliyan 14 a shekara a lokacin, na shekara huɗu, bai biya fom ɗin APC ba. Duk da haka sama da mutum 20 suka saya, kuma da yawansu sun san ba za su ci ba. Fom ɗin tikitin shiga ɗakin ciniki ne: ka janye wa mai nasara a dandalin taro, ka jira minista ko shugabancin majalisa. Wannan al'ada ta cewa wai ƙungiyar manoma ko ta matasa ce ta yi karo-karo ta saya wa mutum fom, kowa ya san yadda take.

Inda kuɗi suka fi zuba a zagayen 2022 shi ne zawarcin daliget. A 2022 an samu wani lauje cikin naɗi: yadda aka rubuta sashe na 84 ya cire daliget na dindindin, wato su gwamnoni da 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙami, gyaran da majalisa ta yi cikin gaggawa kuma Buhari bai sa masa hannu a kan lokaci ba. Sai ya zama zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai za su jefa ƙuri'a, uku daga kowace ƙaramar hukuma a APC, ɗaya a PDP. Ƙananan hukumomi 774 ne, amma ba a raba su daidai ba. Kano na da 44, don haka daliget 132 a APC. Katsina 34, Legas 20, Bayelsa 8. Kuma wa ke rubuta sunayen waɗannan daliget? A mafi yawan jihohi gwamna ne, ko jagoran jam'iyya inda babu gwamna. Shi ya sa mai neman tikiti ke yawo da jirgin haya daga gidan gwamnati zuwa gidan gwamnati, ya biya fadar sarki ya kai gaisuwa, ya gana da daliget a otal, a ba su na mota. Jaridu sun yi ta ruwaito yadda dala ta yi yawo a tarukan fid da gwani na APC da PDP, har jami'an EFCC suka bayyana a wurin, amma ba a ji an ɗaure kowa ba. Sakamakon dai ya nuna inda gwamnoni suka karkata. A taron PDP a filin wasa na Abuja, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237, bayan Aminu Waziri Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku. A taron APC a dandalin Eagle Square, Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo 235.

Wanda ya ga ba zai kai labari a babbar jam'iyya ba yana iya ɗaukar ƙarama, kamar yadda Obi ya bar PDP kwanaki kaɗan kafin taronta ya koma Labour, Kwankwaso kuma ya koma NNPP tun watan Maris. Tikiti ya zo da sauƙi, amma sai ka gina gidan da kanka: ofisoshi, shugabannin mazaɓu, 'yan takarar majalisa da za su yi maka yaƙi a ƙauyukansu domin suna yi wa kansu. Galibi kuma ƙaramar jam'iyya tana da masu ita, waɗanda suka yi mata rajista suka riƙe hatimi, kuma rikicinsu kan tashi daidai lokacin da kuɗi ya fara shigowa.

Zaɓen mataimaki ma lissafi ne, ba ƙauna ba. Karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa, da haɗa Musulmi da Kirista, babu su a tsarin mulki, amma wanda ya taka su sai ya biya. Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima, ya sha suka mai zafi daga majami'u, ya yi hasarar Filato da Nasarawa, ya ci ribar ƙuri'un Arewa maso Yamma da maso Gabas. Atiku ya ɗauki Ifeanyi Okowa ya bar Wike, aka kuma ƙi sauke Iyorchia Ayu daga shugabancin jam'iyya, sai gwamnoni biyar na PDP suka juya masa baya. Tazarar da ke tsakaninsa da Tinubu ba ta kai miliyan biyu ba. Saboda wa'adin INEC kan riski jam'iyyu kafin su gama wannan ciniki, har dabarar ɗan riƙon ƙwarya aka ƙirƙiro: Tinubu ya fara miƙa sunan Kabiru Masari, Obi ya miƙa na Doyin Okupe, daga baya suka janye aka maye gurbinsu.

Dokar 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa kashe naira biliyan 5, daga biliyan 1 a dokar 2010, kuma mutum ɗaya ba zai ba shi gudummawar da ta wuce miliyan 50 ba. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba wa jam'iyya kuɗi, tsarin mulki kuma ya ce duk kuɗin da aka aiko wa jam'iyya daga waje a miƙa shi ga INEC cikin kwana 21, abin da masu tara gudummawa a ƙasashen waje kan manta. A dokar 2022, hukuncin wanda ya zarce iyaka tarar kashi 1 cikin 100 ne na iyakar, wato miliyan 50, ko ɗaurin shekara guda. Babu babban ɗan takarar da aka taɓa hukuntawa. A watan Disambar 2014, lokacin iyakar biliyan 1 ce, an yi taron tara wa Jonathan da PDP gudummawa a Abuja aka sanar da sama da biliyan 21 a dare ɗaya, a gaban kyamara.

A ɗauki alƙalami a ga dalilin da ya sa iyakar ba ta riƙuwa. Rumfunan zaɓe 176,846 ne, a mazaɓu 8,809. In za a ba wakili ɗaya a kowace rumfa naira dubu 10 kacal, na abinci da mota da katin waya, an tashi biliyan 1 da miliyan 768. Ba a kuma tura mutum ɗaya, domin in ya tafi sallah ko aka kira shi gefe, akwatin ya zama maraya. A ninka biyu, an wuce biliyan 3 da rabi, ba a taɓa wakilan cibiyoyin tattara sakamako ba, ba a horar da kowa ba. Sai gangami. Dokar ta ba da kwana 150 na kamfe, a 2022 an fara ranar 28 ga Satumba, kuma ana sa ran ɗan takara ya taka jihohi 36. Kowane gangami na nufin jirgi, ayarin motoci, hayar fili, rumfuna da lasifika, motocin kwaso jama'a daga ƙananan hukumomi, atamfa da huluna, masu tsaro, makaɗa da mawaƙa. A Arewa a ƙara da rediyo, domin har yanzu siyasar Kano da Kaduna da Sakkwato a shirye-shiryen dare ake yinta, kuma sojojin baka ba sa hawa kyauta. Yanzu ga 'yan soshiyal midiya sun ƙaru a layin.

Matsalar ba tara kuɗin kaɗai ba ce, isar da shi ne. Kuɗin wakilai kan bar Abuja cikakke, ya bi ta hannun kodinetan jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, kowa ya gutsura, ya isa rumfa ya zama rabi ko ya ɓace. Wakilin da aka yi wa alkawari ba a cika ba shi ne mafi arhar saye ranar zaɓe. Kamfe mai hankali yakan biya wakili kai tsaye, rabi kafin zaɓe, rabi bayan ya kawo kwafin sakamako mai hatimi. A 2023 canjin takardun naira ya ƙara dagula wannan, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a makonnin ƙarshe, ga wahalar fetur, masu buhunan tsofaffin kuɗi suka rasa yadda za su yi da su. Kuma duk wanda ya zuba biliyoyinsa a tafiyar yana rubutawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa jerin ministoci kan yi kama da jerin masu bin bashi.

Duk wannan ɗawainiya a kan takarda guda take ƙarewa, fom EC8A, inda jami'in rumfa ke rubuta sakamako, wakilai su sa hannu a ba kowa kwafi. Daga nan a haɗa a mazaɓa a EC8B, a ƙaramar hukuma a EC8C, a jiha a EC8D, sannan a kai Abuja. Tsohuwar karin maganar 'yan adawar Arewa, a kasa, a tsare, a raka, wannan sarƙa take nufi, domin an fi yin aika-aika tsakanin mazaɓa da ƙaramar hukuma cikin dare, ba a gaban masu zaɓe ba. Sunayen wakilai da hotunansu sai an miƙa wa INEC tun makonni kafin zaɓe, ba ranar ake tsinto su ba. A 2023 APC da PDP da NNPP kowacce ta miƙa sama da dubu 176, Labour kuwa kimanin dubu 134, wato rumfuna fiye da dubu 40 babu mai tsaya mata ko a takarda. An sa rai na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe da shafin IReV da ake ɗora sakamakon rumfuna za su rage dogaro da wakili, sai ga shi a ranar 25 ga Fabrairu sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, kotuna kuma suka yanke cewa rashin ɗorawar bai isa ya soke zaɓe ba. Aka koma kan takarda.

Wanda bai tanadi kuɗi da lauyoyin shari'a tun kafin zaɓe ba bai gama shiri ba. Ƙarar zaɓen shugaban ƙasa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ake fara ta, cikin kwana 21 da sanar da sakamako, kotun na da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ƙoli kuma kwana 60. A cikin kwana 21 ɗin nan ake so mai ƙara ya haɗa komai, har da rubutacciyar rantsuwar kowane shaida. Nauyin hujja a wuyansa yake, domin doka na ɗaukar sakamakon INEC a matsayin daidai har sai an karya shi, kuma kotuna sun daɗe suna cewa maguɗi rumfa-rumfa ake tabbatar da shi, ta bakin wanda ya gani da idonsa. Wakilin jiha ba zai ba da shaidar abin da ya faru a rumfar da bai je ba. A 2023 Atiku ya gabatar da shaidu 27, Obi 13, a kan zaɓen da aka yi a rumfuna sama da dubu 176, kuma kotu ta yi watsi da shaidar da dama daga cikinsu saboda ba a haɗa rantsuwarsu da takardar ƙara tun farko ba. Tun daga 1979 Kotun Ƙoli ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa ba. Mafi kusa shi ne na 2007, wanda 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa yana da naƙasu, amma a watan Disambar 2008 alƙalai huɗu suka tabbatar da shi a ƙarar Buhari, uku suka saɓa.